Lasifikata da Kamarar Issaka

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: ina jin ƙyashin Issaka. Ba shagonsa mai ƙofar gilashi nake yi wa ƙyashi ba, ba kuma babur ɗinsa ba. Kunnen unguwa ya ɗauke mini. Shekara da shekaru, in za a yi wani abu a layinmu na Akwatialine, daga bakina ake fara ji, ko suna ne, ko jana'iza, ko yaro ya ɓata, ko gayyar yasar gwata. Ni ne mai shela. Daga baya kuwa sai in fito da lasifikata ta hannu bayan la'asar, in cika ƙirji da iska, in fara, sai wata yarinya ta leƙo ta taga ta ce, Baba, ai tun safe muka gani a waya. Har ta kai mai unguwa ya sa ranar taro don a yanke ko za a bar mini lasifikar, ko a karɓa a ba makarantar Islamiyya su riƙa tara yara da ita. Lasifikar ta unguwa ce, ba tawa ba, na sani. Amma gumin hannuna ne ya cinye fentin mariƙinta.

Da muna yara babu lasifika. Mai shelar wani dattijo ne, Baba Sanda, mutumin Nijar, dogo, siriri, mai tsaga a kumatu. Ƙuge yake bugawa, ƙarfen nan da Asantawa ke ce wa dawuro. In ya buga sau biyu daga bakin masallaci, sai ka ji unguwa tana yin shiru gida-gida. Mai dakan sakwara ta tsayar da taɓarya a sama, tela ya ɗauke ƙafa daga keke, mai rediyo ya rage murya, har masu zarton katako sukan dakata. Mu kuma mu bi bayansa ba takalmi, muna maimaita ƙarshen maganarsa. Ba ya sauri. Yana zagaye unguwa kamar mai duba gonarsa, a gaishe shi ya amsa, a miƙo masa goro ya jefa a aljihu. Ban taɓa jin wani ya ce masa ya riga ya ji ba, ko da kuwa ya ji.

Gwatar da ke bayan gidajenmu a lokacin ruwa take ɗauka, ba shara ba. Ba don mun fi 'yan yanzu tsabta ba, kada in yi ƙarya. Sharar ce ba ta da taurin kai. Shinkafa da wake a ganye ake ƙunsa maka, koko a kwano kake sha ka mayar, ruwan sanyi mace ce ke ɗauke da bokiti a ka da kofi ɗaya, kowa ya sha ya wuce. Abin da aka yar akuya ta cinye rabi, sauran ya ruɓe. Duk da haka ranar Asabar ɗin ƙarshen wata kowane gida sai ya fito da mutum. Maza da shebur da manjagara, mu samari da baro muna kaiwa bola, mata suna kawo koko da ƙosai. Ana yi ana zagin juna na wasa, Bazabarme ya tsokani Bagobiri, Badagombe ya ce shi dai ba a haife shi don ya yashe dattin Mosi ba, alhali yana cikin ruwan har gwiwa. A nan ake jin wanda zai yi aure da wanda ya rasa aiki. A nan ma ake shirya waɗanda suka daina gaisawa, don ba ka iya miƙa wa mutum shebur kana ɗaure fuska har azahar.

Baba Sanda yana da wata dabara da ban ga wani da ita ba. Ya san gidan da ke zuba abin da bai kamata ba a gwata, domin idonsa ba ya barci. Amma ba ya kiran suna. In ya zo ƙofar gidan, sai ya tsaya ya yi shelar sau uku maimakon sau ɗaya, da murya iri ɗaya, yana kallon sama. Shi ke nan. Maƙwabta sun gane, mutanen gidan sun gane, ba wanda ya ce komai. Ranar gayya za ka ga mutanen wannan gida su suka fara fitowa, su suka fi kowa zufa.

Da tari ya fara cin muryarsa, sai ya jawo ni, lokacin gemu ya fara fito mini, ina koyon ƙera murhun gawayi a Magazin, unguwar maƙera da makanikai. Shi ya buga, ni in yi magana. Wata rana da idona na ga matar wani mahauci tana juye ruwan wankin kayan ciki a gwata. Da muka zo ƙofarsu, jinin ƙuruciya ya ɗebe ni, na ƙara da cewa musamman gidan wane, a ji tsoron Allah. Mutane suka fashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan har cikin ƙashina. Baba Sanda bai dube ni ba. Ya sa ƙugensa a hammata ya juya gida, shelar ba ta kai rabin unguwa ba. Washegari muka ji mahaucin ya kori matar zuwa gidan iyayenta saboda ta jawo masa abin kunya. Baba ya kama hannuna har zauren mutumin, ya sa na zauna a ƙasa na ba da haƙuri, sannan muka tafi gidan iyayen matar na sake zama a ƙasa. A hanyar dawowa ne ya yi mini magana.

"An ba ka murya ne don ka tara mutane," in ji shi. "Wanda ka kira sunansa ba zai zo gayya ba. Ɗansa ma ba zai zo ba."

Wata uku bai bar ni na buɗe baki ba. Daga ranar ban sake kiran sunan kowa ba, kuma ina alfahari da haka. Da ya rasu, aikin ya dawo hannuna, daga baya unguwa ta sayi lasifika mai batir. Na yi zamani, ba zan ɓoye ba. Ɗan takarar asambuli, wato kansila, in yana son a ji shi, wurina yake zuwa. 'Yan tankas masu duba tsabta in za su shigo, ni suke fara nema. A wurin suna ba a raba nama ba a ware nawa ba.

Sai leda ta zo. Baƙar leda, farar leda, ledar ruwan sha da ake tsotsewa a jefar. Daga baya robar lemo, kwalin abinci, matattun batura, wayoyin caji da suka tsinke. A bayan layinmu masu sayen kayan kwandam, wato kayan da suka lalace, suna ƙona wayoyin lantarki da cikin tsofaffin kwamfuta don su ciro jan ƙarfe, hayaƙin ya shigo har ɗaki, shanyarka ta yi wari. Akuya ba ta cin wannan sharar, in ta ci ma mutuwa take. Gwata ta toshe. Ruwan sama kaɗan sai ya shigo mana tsakar gida da duk abin da muka ba shi. Na riƙa yin shela har maƙogwarona ya bushe, ranar gayya in ga tsofaffi shida da ni na bakwai. In tsaya a ƙofar gida in yi sau uku, wa zai gane? Masu hayar sababbi ne, rabinsu da abu a kunne. Wani saurayi ma ya taɓa ce mini, Baba, batirinka ne ke wasa, kana ta maimaitawa.

A nan Issaka ya shigo. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo, tare muka gudu daga boko a aji huɗu, kuma Allah ya sani ni na fi shi karatu. Ya yi yawonsa a ƙasashen Larabawa ya dawo, ya buɗe shagon gyaran waya a bakin gwatar. Shi ya haɗa gurup na unguwa a waya, ya zuba kowa a ciki, har 'yan uwanmu da ke Yamai da Turai. Aka daina ce masa Issaka, sai Admin. Ni wayata irin mai madannin nan ce da yara ke ce wa doya, ba ta shiga gurup. Sai matata ta gaya mini abin da aka ce a unguwar da nake yi wa shela. In ya gan ni da lasifika yakan ɗaga hannu daga cikin shago ya ce, Gidan Rediyo, yau wace tasha muka kama? In ce masa tashar da ubanka ke saurara. Mu yi dariya. Dariyata ba ta wuce haƙori.

Ya sa kamara a saman shagonsa, wai saboda ɓarayi. Amma idonta gwata yake kallo da ƙofofin gidaje huɗu. Duk wanda ta kama yana zuba shara, da safe hotonsa na gurup. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin ya yi aiki. A cikin 'yan watanni gwatar ta fara gudu. Samarin da ba su taɓa amsa kirana ba suka fito gayya da riguna iri ɗaya, a ɗebi shebur biyu a tsaya a ɗauki hoto, amma dai sun ɗiba. Asambuliman, kansilanmu, ya turo motar shara saboda hotuna sun yi masa yawa. Damina ta zo, ruwa bai shigo mana ba. Na so ƙwarai in sami abin da zan kushe, na rasa. Abin da na lura kawai, mata sun daina zama a ƙofar gidajen nan huɗu da yamma. Mai tsefe kai ta koma ciki, mai shayarwa ta koma ciki. Na faɗa wa mutum biyu, suka ce Mai Shela ƙyashi ne ke damunka. Ban iya musu ba.

Saura mako guda a yi taron da za a yanke maganar lasifika, kamarar ta kama Mma Azumi. Tsohuwa ce da ta yi sa'ar uwata, a ɗaki ɗaya take da mijinta, Baba Mumuni, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekaru da yawa. Gidan hayarsu ba shi da ban ɗaki, na gwamnati kuwa yana can tsallaken titi, ga layi. Da asuba takan fito da bokitin mijinta ta juye a gwata. Hoton ya fito da fuskarta sarai, da ɗaurin ƙirji, ba mayafi, da bokitin a hannu. Issaka ya rantse bai duba da kyau ba kafin ya tura, kuma na yarda. Kafin azahar ya goge, amma an riga an kwafa, ɗan ƙanenta da ke Yamai ya bugo yana kuka.

Zan faɗi abin da na ji da matata ta nuna mini, tunda na fara faɗin gaskiya. Na ji daɗi. Tausayi ya zo daga baya, amma daɗin ne ya riga shi. Na ce a raina yau Admin ya taka wuta. Na daɗe da sanin abin da Mma Azumi ke yi, na rufa mata asiri, ina dai tsayawa a ƙofarsu in yi sau ukuna in wuce. Ga bambancina da Issaka a fili, kowa zai gani. Abin da ya rage shi ne in sami izininta in tayar da maganar a gaban mai unguwa. Na sa rigata ta Juma'a na tafi.

Na same ta tana ba mijin koko da cokali. Ɗakin a share yake tas, sai dai warin ciwo da ba ya jin sabulu. Na gaishe su, na yi jaje, na zagi zamani, na zagi waya, na ce a lokacin Baba Sanda wa zai yi wa uwa haka. Ba ta katse ni ba. Sai da ta goge wa tsohon baki sannan ta juyo.

"Ɗana, kai ka san ni ce ke zubawa?"

Na ce na sani, Mma, tun da daɗewa, kuma ko matata ban taɓa gaya wa ba.

"Na san ka sani. Ina jin ka daga nan, sau uku, sau uku. In ka fara na biyun sai in rufe masa kunne don kada ya gane da shi ake." Ta ajiye kwanon. "Shekara nawa kana tsayawa a ƙofar nan? Ko sau ɗaya ka taɓa shigowa ka ce, Mma, me ya sa?"

Ban taɓa tambaya ba. Ni da ake ji daga masallaci har bakin titi.

Ta ce kada in ɗauka ta yafe wa Issaka. Ta ce jikokin ƙawayenta sun ga kafaɗunta da ko surukanta ba su taɓa gani ba, ba za ta sake taka kasuwa ba, kuma ranar lahira ita da shi ne. Amma ta ce ya zo jiya, ya durƙusa a inda nake zaune, ya kuma zo da magini ya auna bayan ɗakin, mutanen gurup sun ce za su yi mata ban ɗaki. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya, kada in kai sunanta gaban taro. Ta ce an gan ta ya isa, ba sai an yi shari'a da ita ba.

Na fito na tsaya a bakin gwatar na daɗe. Na riƙa gaya wa kaina Baba Sanda ma ba ya shiga. Sai na tuna ba haka ba ne. Sau nawa nake ganinsa da hantsi yana sallama a gidajen da ya tsaya jiya, ni ina zaton gaisuwa ce kawai. Rabin aikin na koya, rabin da ake yi da murya.

Ranar taro aka jera kujerun roba a ƙofar mai unguwa. Da aka zo kaina, duk jawabin da na shirya yana nan a bakina, kuma na san da na sake shi da an kwantar da Issaka. Na ga wasu dattawa suna jira in fara su kama mini. Na ce ni roƙona ɗaya ne, a juya kamarar ta kalli ƙofar shagon mai ita, a bar ƙofofin mutane. Issaka ya miƙe ya ce ya riga ya juya, kuma daga yau ba a sa fuskar kowa a gurup. Aka tafa masa. Shi ya yi ɓarnar, shi ya gyara, shi aka tafa wa. Maganar lasifika kuwa ba ta ɗauki lokacin shan shayi ba. Mai unguwa ya yaba mini, ya yi wa Baba Sanda addu'a, ya ce makaranta ta fi buƙata. Na miƙa ta da hannu biyu.

An gina wa Mma Azumi ban ɗakin. Ƙofarsa ni na ƙera da kwanon da na tsinto a Magazin, na sa mata sakata mai laushi yadda hannun tsohuwa zai iya. An ɗauki hoton ginin tun daga tushe har rufi, an ɗauki magini, an ɗauki samarin da suka ɗauko bulo. Ranar da na kafa ƙofar ba kowa a wurin. Na ce wa kaina haka ya fi lada. Amma ƙarya zan yi in na ce ban leƙa titi sau biyu ba ko wani mai waya zai wuce. Ita kuwa har yau ba ta fita kasuwa, maƙwabciya ke sayo mata.

Bayan kamar wata ɗaya Issaka ya same ni a rumfata ina bugun murhu. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce Gidan Rediyo, akwai matsala. Tsofaffin mata ba sa karanta abin da yake rubutawa, in kuma ya yi musu da murya sai su ce kamar mai tallan maganin basir, ba sa ƙarasa ji. An yi jana'iza biyu wasu ba su je ba. Ya ce in zo in riƙa yin shelar a wayarsa, shi ya tura. Na ce masa in ya ga dama ya haɗiye wayar. Ya yi dariya ya ce zai jira ni bayan la'asar.

Kwana uku na yi ban je ba. Rana ta huɗu aka yi rasuwa a layinmu, na je.

Yanzu haka ake yi. In zauna a kujera a bayan kantarsa, tsakanin matattun wayoyi, ya danna ya miƙo mini kusa da baki, in yi sallama in faɗi abin da ke akwai. Ya ce an fi sauraron wannan fiye da komai a gurup, har daga Turai ana cewa a sake turo irinta, wai tana tuna musu gida. Jiya ina dawowa daga masallaci na wuce wasu mata biyu a bakin famfo, muryata na fitowa daga wayar ɗaya, ina kiran gayyar Asabar. Suka saurara har ƙarshe. Na rage tafiya. Sai ɗayar ta ɗaga bokitinta ta ce wa 'yar uwarta, "Kin ji ko, Admin ya ce kowa ya fito."